Sharhi: Wa tallafin kuɗin korona ya ceta, wa ya tsallake?

A 2020 annobar korona ta sa gwamnatocin duniya raba wa jama'a tsabar kuɗi fiye da kowane lokaci a tarihi. Yanzu da taimakon ƙetare ke ja da baya, fari da ambaliya kuma ba su daina ziyartarmu ba, ya dace a duba abin da kuɗin nan suka yi a cikin gidaje. Bincike a Nijar da wasu ƙasashe ya nuna cewa aikin da jika ɗaya ke yi ya bambanta tsakanin gidan talaka tilis, gidan mai rufin asiri da gidan mai albashi.

Ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijar. Ranar 27 ga watan, shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, ya kafa dokar ta-ɓaci ta fannin lafiya. Aka killace birnin Yamai, aka hana fita a cikinsa daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Makarantu da masallatai a rufe, iyakoki ma a rufe ga matafiya. Ga mutanen Maraɗi, Ƙonni, Magarya da Matamaye, wannan ƙari ne bisa wani ciwo, domin Najeriya ta rufe iyakarta tun watan Agusta 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020.

Cutar kanta ba ta yi mana ɓarnar rayuka kamar yadda aka ji tsoro ba, alƙaluman hukuma na waɗanda suka rasu ba su kai 400 ba. Aljihu ne ya fi jin jiki. Wani babban bincike da aka buga a 2021, wanda ya bi gidaje ta wayar salula a ƙasashe tara, ciki har da Burkina Faso, Ghana da Kenya, ya samu cewa a tsaka-tsaki kashi 68 cikin 100 na gidajen sun ce abin da suke samu ya ragu. Faɗuwar kuma ba ta tsaya ga mafi talauci ba, ta haɗa har da waɗanda ke da ɗan abin hannu.

Amsar da duniya ta bayar ita ce raba kuɗi. Ƙididdigar da masana na Bankin Duniya suka tattara ta nuna mutum biliyan 1 da miliyan 360 ne suka karɓi tallafin kuɗi aƙalla sau ɗaya, wato kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya. Sai dai rabon bai zo daidai ba. A ƙasashe masu arziki ya kai ga babban kaso na jama'a, a ƙasashe matalauta kuwa ƴan ƙalilan ya taɓa, kuma yawancin shirye-shiryen ba su wuce ƴan watanni ba.

Matakan da Nijar ta ɗauka

Magabata sun ɗauki nauyin biyan kuɗin wuta da ruwa na watannin Afrilu da Mayu 2020 ga masu ƙaramin amfani. An ƙarfafa rabon cimaka kyauta da sayar da hatsi bisa farashi mai rahusa. Daga baya ofishin Cellule Filets Sociaux, wanda ke tafiyar da shirin Wadata Talaka da tallafin Bankin Duniya, ya biya jika 45 sau ɗaya ga ɗaruruwan dubban gidaje a birane da karkara.

Matakin farko ya isa ya nuna yadda tallafi ke bin matsayin mutum. A 2020, waɗanda ke da wutar lantarki a Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin biyar ba. Wanda ke da mita a gidansa ya samu sauƙin wata biyu. Wanda ke sayen ruwa wajen ɗan garuwa, yana kunna tocila da dare, bai ga komi ba, ko da yake shi ya fi biyan ruwa da tsada. Niyyar mai kyau ce, amma hanyar da aka bi ta fi kai wa gidajen da ke da ɗan hali.

Jika 45 kuwa sai an auna ta da ma'auni biyu. Mafi ƙarancin albashi a lokacin jika 30 ne da ƴan kai, don haka kuɗin sun kai albashin wata ɗaya da rabi na ƙaramin ma'aikaci. Amma a gida mai mutum bakwai, kowa ya tashi da abin da bai kai jika shida da rabi ba, kuma idan hatsi ya yi tsada kuɗin ba su cika sayen buhu biyu ba. Ko sun yi yawa ko sun yi kaɗan, ya danganta da gidan da suka shiga da ranar da suka shiga.

Gidan talaka: kuɗi na zama kalaci

Game da gidajen da suka fi talauci, Nijar na cikin ƙasashen da aka fi sanin amsar, domin an daɗe ana auna ta. Daga 2011 shirin tallafin ƙasa ya riƙa biyan jika 10 kowane wata har tsawon wata 24, yawanci a hannun mata. Masu bincike Patrick Premand da Quentin Stoeffler sun kwatanta ƙauyukan da suka samu da waɗanda ba su samu ba. Sun tarar abin da gida ke ci da kashewa ya ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100, kuma ƙaruwar ta fi taruwa a gidajen da fari ya shafa. A waɗannan gidaje amfanin ya ma zarce yawan kuɗin da aka bayar.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san karkara. Idan rumbu ya ƙare kafin kaka, magidanci na da hanyoyi kaɗan, dukansu masu tsada. Ko ya sayar da akuya lokacin da kowa ke sayarwa, farashi a ƙasa. Ko ya ci bashin hatsi ya biya ninki bayan girbi. Ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani a daidai lokacin noman farko, amfanin gonarsa ya ragu. Jika goma da ta zo a kan lokaci na hana shi bin waɗannan hanyoyi, shi ya sa darajarta ta fi goma. Matan da ke karɓa kuma sukan shiga adashi, su ajiye ɗan abin da za su jingina da shi.

Haka aka gani a Kenya a tsakiyar annobar. A gundumomin Siaya da Bomet, ƙungiyar GiveDirectly ta riga ta fara biyan kowane baligi a wasu ƙauyuka kwatankwacin sefa 450 a rana tun kafin korona. Da masana suka koma a 2020, sun samu waɗanda ke karɓa sun fi sauran tsira daga yunwa, rashin lafiya da damuwar zuciya sun fi sauƙi a cikinsu. Bambancin ba mai girma ba ne, amma ya tabbata. Abin lura shi ne kuɗin sun riga annobar isowa.

Wannan batu na damuwar zuciya bai kamata a raina shi ba. Jin daɗin gida bai tsaya ga yawan tiyar da aka auna ba. Uwar da ta san ranar da kuɗi za su shigo tana iya cin bashi wajen mai kanti ba tare da kunya ba, tana iya kai yaro asibiti tun zazzaɓi bai yi nisa ba. Wani bincike da aka gudanar a Nijar aka buga a mujallar Nature a 2022 ya nuna cewa idan aka haɗa tallafin wata-wata da adashi, horon sana'a, jarin jika 80 ko kuma tarukan ƙarfafa gwiwa, mata na samun ƙarin kuɗin shiga da kwanciyar hankali da daraja a cikin gari.

Masu rufin asiri: jari ne ke karyewa

Amma korona ba fari ba ce. Fari na fara cin manomi da makiyayi. Dokar hana fita kuwa ta fara cin ɗan kabu-kabu, mai shayi, mai tsire, mai tuwon sayarwa a tasha, tela, ɗan dako, direban motar haya, malamin makaranta mai zaman kanta da aka daina biya, da ɗan kasuwar da ke kai da komo tsakanin Maraɗi da Jibiya. A lokacin zaman lafiya waɗannan ba su cikin jerin mabuƙata. Suna biyan haya, yaransu na makaranta, kuma su ne ke aika wa iyaye ɗan abin cefane a ƙauye. Sai dai rayuwarsu hannu baka hannu ƙwarya ce, abin yau ake ci yau.

Idan ciniki ya tsaya mako uku, mai irin wannan sana'a ba yunwa ke fara kama shi ba. Jarinsa yake ci. Mai ƙosai ta cinye kuɗin wake da mai. Ɗan kabu-kabu ya kasa biyan mai babur, aka karɓe. Tela ya jinginar da keke. Ranar da aka ɗage doka, kasuwa ta buɗe amma babu abin da za a koma da shi. Ga wannan rukuni, aikin tallafi shi ne tsare jari, kuma wannan aiki yana da wa'adi. An ɗage dokar hana fita a Yamai a tsakiyar watan Mayu 2020, alhali gidaje da yawa sai bayan watanni kuɗin suka iso musu. Jika 45 da ta zo a makon farko na iya hana a sayar da keken ɗinki. Idan ta zo bayan wata shida, bashin da ya taru take biya.

Binciken Kenya ya ƙara haske a nan. Waɗanda suka yi amfani da tallafin suka buɗe ƙananan sana'o'i kafin annoba sun ga ribar ta zube lokacin da kasuwanni suka tsaya. Kuɗin ba su kare cinikinsu ba. Abin da suka yi shi ne hana faɗuwar ta kai ga tukunya. Ke nan wanda ya ɗan taka mataki sama ya fi samun abin da zai rasa.

Faɗuwar masu rufin asiri kuma ba ta tsaya a birni ba. Jihohin Tawa da Damagaram na dogaro ƙwarai da ƴan ci-rani da ke Najeriya, Libiya, Aljeriya da Abijan. Da aka rufe iyakoki, ayyuka kuma suka tsaya a can, kuɗin da ake aikowa ta Nita, Al Izza da makamantansu suka ragu ga iyalai da yawa. Gidan da ke ƙauye, wanda a takarda ba ya cikin mafi talauci saboda rufin kwano da ɗan da ke waje, ya wayi gari hanyar samunsa ta toshe.

Mai albashi: kuɗi na zama ajiya

A can sama akwai gidajen da albashinsu bai tsaya ba: ma'aikatan gwamnati, na bankuna, na manyan ƙungiyoyi. Su ma sun ji tsadar kaya, dangi kuma sun ƙara yi musu yawa a ƙofa. Amma tallafin kuɗi ba ya canja abin da ake dafawa a gidansu.

Ɗaya daga cikin ƙasashen da suka gwada wannan ita ce Amurka, domin ta raba wa kusan kowa. A 2020 ta biya dalar Amurka 1,200 ga kowane baligi da samunsa bai wuce wani mataki ba, kusan jika 700 ke nan. Sakamakon ya rabu biyu. A ƙasa, ma'aunin talaucin da ke lissafa tallafin gwamnati ya sauka daga kashi 11.8 a 2019 zuwa 9.1 a 2020, a shekarar da miliyoyi suka rasa aiki. A sama kuwa, da aka sake biyan dala 600 a farkon 2021, masana na jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa gidaje masu babban samu ba su kashe ko kashi 10 cikin 100 na kuɗin ba a watan farko. Sauran ya kwanta a banki.

Amurka na iya ɗaukar wannan asara don ta samu sauri, tunda raba wa kowa ba ya buƙatar tantancewa. Baitulmalin Nijar ba ya iyawa. Duk jikar da ta shiga gidan da bai buƙace ta ba, an cire ta ne daga gidan da za ta zama kalaci ko ta tsare jari.

Rajista da hanyar biya

To me ya sa kuɗi ke makara? Domin kafin a biya sai an san wa za a biya, da ta ina. Jerin sunayen da ake da su a Nijar an gina su ne don talaucin karkara da ƙarancin cimaka. Mai shayin unguwar Yantala ko ɗan dakon kasuwar Dole a Damagaram ba su ciki. Sai da aka fita ƙirga gidaje a tsakiyar annoba, aka nemi kuɗi wajen masu ba da tallafi, aka ƙulla yarjejeniya da masu biya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Togo ta bi wata hanya. A watan Afrilu 2020 ta buɗe shirin Novissi cikin ƴan kwanaki. Mutum ya latsa lamba a wayarsa, ya shigar da lambar katin zaɓe, wanda ke ɗauke da sana'arsa da unguwarsa. Idan mai sana'ar hannu ne a yankin da aka killace, kuɗi su shigo wayarsa: sefa 12,250 a wata ga mace, 10,500 ga namiji. Kuɗin kaɗan ne idan an kwatanta da jika 45, amma sun zo lokacin da doka ke aiki, kuma an nufi ainihin waɗanda dokar ta hana nema. Tsarin na da nasa giɓi, domin wanda ba shi da katin zaɓe ko waya ya fita.

Nijar ba baƙuwar wannan dabara ba ce. Tun 2010, lokacin ƙarancin cimaka, ƙungiyar Concern ta gwada biyan tallafi ta waya a wasu ƙauyuka na jihar Tawa, ta hanyar Zap. Binciken Jenny Aker da abokan aikinta ya nuna gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu kuma sun fi samun kalaci, saboda matan ba su ɓata yini a tafiya da layi ba, kuma sun fi samun ta cewa kan yadda za a kashe kuɗin. Bayan shekara goma, biya ta waya bai yaɗu a ƙasar yadda ya yaɗu a maƙwabta ba, mata da yawa a karkara kuma ba su da waya ko takardar shaida.

Zargi da farashi

Akwai ƙorafi biyu da ake yi wa tallafin kuɗi, kuma dukansu na da tushe. Na farko shi ne zaɓe. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, ƙarƙashin jagorancin Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun bi ƙauyukan da aka raba kuɗi, suka tarar da zargi ko'ina. A garin da kusan kowa talaka ne, ware gida talatin a bar saba'in na kama da son kai. A wasu wurare, da masu rabo sun juya baya sai a tattara kuɗin a sake raba wa kowa. Wani gwaji da aka yi a Nijar kuma ya nuna waɗanda ba a zaɓa ba sun fi yarda da zaɓen da aka yi bisa tambayoyi da lissafi, fiye da wanda kwamitin gari ya yi, inda wasu ƴan kwamitin ke tura nasu. A lokacin annoba, da bugun ya shafi unguwa gaba ɗaya, ya fi sauƙi a ce duk mai sana'a kaza a yanki kaza, kowa ya san ƙa'idar.

Na biyu shi ne farashi. Ana cewa idan aka zuba kuɗi, ƴan kasuwa ne za su ƙara wa tiya kuɗi. Wani babban gwaji a yammacin Kenya, inda aka ba gidaje sama da dubu goma kimanin dala dubu kowanne, ya samu hauhawar farashi kaɗan ƙwarai, har ma waɗanda ba su karɓa ba sun amfana ta hanyar ciniki. Amma a can hanyoyi a buɗe suke, kaya na shigowa. Idan iyaka a rufe take, motoci ba su zirga-zirga, kuɗi na iya bin hatsi kaɗan su tada farashinsa. Shi ya sa a Nijar tallafin kuɗi ba ya maye gurbin rumbunan OPVN da sayarwa bisa rahusa. Tare suke aiki.

Abin da ya rage a yi

Tun bayan korona ƙasar ba ta huta ba. Damanar 2021 ba ta yi kyau ba, har mutum miliyan 4 da dubu 400 suka shiga matsalar cimaka a 2022. Takunkumin CEDEAO bayan 26 ga Yuli 2023 ya sake rufe iyakoki har zuwa Fabrairu 2024, ya bugi kusan rukunin mutanen da korona ta buga. Ambaliyar 2024 ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya, Maraɗi da Damagaram na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A 2025 kuma Amurka ta rushe hukumarta ta USAID, wasu ƙasashen Turai na rage nasu taimakon.

Darasin korona ya kasu uku. Ga gidajen da suka fi talauci, abin da ke aiki shi ne ƙaramin kuɗi da ke zuwa kowane wata ba fashi, tun kafin masifa. Nijar ta gwada hakan a 2022, inda aka yi amfani da bayanan tauraron ɗan adam kan ruwan sama aka fara biyan wasu gidaje tun watan Maris, ba a jira rumbuna sun ƙare ba. Ga masu sana'ar yau da gobe a birane da garuruwan iyaka, ana buƙatar kuɗi mai ɗan kauri, sau ɗaya ko biyu, cikin makonnin farko. Hakan ba ya yiwuwa sai sunayensu na cikin rajistar bai-ɗaya ta ƙasa tun yanzu, tare da sana'a, unguwa da lambar da za a biya su. Ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu, na masu sufuri, na ƴan kasuwa da na mata masu adashi sun san mutanensu, kuma ana iya farawa da su. Ga masu albashi kuwa, tsare farashi da biyan albashi a kan lokaci sun fi musu amfani.

Saura tambayar da ta fi nauyi: wa zai biya? Mafi yawan kuɗin tallafin da aka raba a Nijar daga waje suka fito, kuma an ga a 2023 yadda ake iya dakatar da su dare ɗaya. Muddin kasafin kuɗin ƙasa bai ware wani kaso na dindindin ba, wanda za a iya buɗewa cikin mako guda idan annoba ko ambaliya ta zo, za a ci gaba da fara neman kuɗi a ranar da ya kamata a fara biya. Mai tuwon tasha kuma ba ta iya jiran wata shida.